Wa Ke Kula Da Mai Jego?

Idan cikin fari ya shiga wata na bakwai ko na takwas, a gidaje da yawa na ƙasar Hausa sai a fara shawarar goyon ciki. Yarinya za ta tattara 'yan kayanta ta koma gaban mahaifiyarta. Can za ta haihu, can za ta yi wanka, ba za ta dawo ɗakinta ba sai ta yi arba'in, wata ma sai ta zarce. Wadda ba ta tafi da ciki ba, bayan suna akan zo a ɗauke ta. Idan kuma tafiyar ba ta yiwu ba, sai a turo mata gwaggo ko inna ko kaka ta zauna da ita. Ko ta wace hanya aka bi, manufar ɗaya ce: kada mace ta haihu yau, gobe a gan ta a bakin murhu.

An fi sanin jego da ruwan zafi da kunun kanwa, kuma a kansu ne likitoci da tsofaffi suka shekara suna ja-in-ja. Amma wanda ya dubi tsarin da idon basira zai ga ruwan zafin ɓangare ne kawai. Mai jego ba ta girki, ba ta daka, ba ta ɗiban ruwa, ba ta wanki. Wata ce ke yi wa jariri wanka, ta shafe shi da mai, ta goya shi idan ya hana barci. Miji kuwa an ɗora masa itace da nama da kayan yaji. Wato al'umma ta yanka wa mace hutun dole na kusan mako shida, ta kuma raba wa kowa aikinsa, tun kafin a san wani abu wai shi hutun haihuwa a dokar ƙwadago. Wannan hutun ne yake zagwanyewa a yau, musamman a birane, alhali tukunyar ruwan zafi tana nan daram a kan murhu.

Tukunya, ganye da kanwa

Tun da asuba ake hura wuta a ƙarƙashin ƙatuwar tukunya ko rabin duro. Idan ruwa ya tafasa, ungozoma ko wata dattijuwa ta tsoma damin ganyen darbejiya ko runhu ko sabara, ta riƙa fyaɗa wa mai jego a jiki, safe da yamma. Daga nan sai kunun kanwa mai zafi, da tuwo da yajin jego da aka daka da citta da kimba da masoro da kanumfari, sai ƙauri idan mai gida yana da hali. A wasu yankunan Zazzau har gadon ƙasa ake ginawa, a hura wuta a ƙarƙashinsa, mai jego ta kwanta a kai. Hujjar duka ita ce sanyi. Tsofaffi na ganin haihuwa tana barin jiki ɗanye, a buɗe, idan ba a gasa shi ba sanyi zai shiga, ya zama kumburi da ciwon gaɓoɓi har tsufa.

Al'adar ba ta mutu ba ko kusa. Wani bincike da Farfesa Zubairu Iliyasu na Jami'ar Bayero da abokan aikinsa suka wallafa a 2006, bayan sun zanta da iyaye mata a ƙauyen Ɗanbare da ke gefen Kano, ya nuna fiye da kashi 80 cikin 100 suna wankan ruwan zafi, suna kuma shan kunun kanwa. A birni ma, ko yarinya ta gama jami'a, ranar da ta dawo daga asibiti za ta tarar an aza ruwa.

Takaddamar likitoci da wannan wanka a Zariya ta samo asali. A shekarun 1970, likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, ciki har da Farfesa Eldryd Parry da Dokta Neil Davidson, sun lura da yawan matan da ake kawowa makonni kaɗan bayan haihuwa da kumburin ƙafa da ciki, da haki, da kasa kwanciya rigingine. Zuciyarsu ce ta gaza. Sun bi diddigin mata 224, suka wallafa sakamakon a 1978, suka kuma ƙiyasta cewa a yankin kusan haihuwa ɗaya cikin kowace ɗari tana ƙarewa da wannan ciwo, adadin da ba a san irinsa ba a wani wuri a duniya a lokacin. Sun lura ya fi tsananta a lokacin damina. Bayaninsu shi ne, kanwa tana ɗauke da sinadarin sodiyam mai yawa, irin na gishiri, wanda ke tara ruwa a jiki. Zafi kuma yana buɗe hanyoyin jini ya tilasta wa zuciya aiki fiye da kima. Zuciyar da ciki ya riga ya gajiyar, aka haɗa mata waɗannan biyun, sai ta sare.

Shekaru da dama wannan bayani ne ake koyar wa ɗaliban likitanci. Daga baya Farfesa Kamilu Musa Ƙaraye na asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano ya jagoranci wani babban bincike a asibitoci da dama na Najeriya, wanda aka wallafa a 2020. Ya tarar ciwon yana nan da yawansa a Arewa maso Yamma, kusan kamar yadda aka gani a Zariya tun da. Sai dai abubuwan da suka fito fili a matsayin masu jawo shi su ne ramar uwa, da rashin karatun boko, da rashin aikin yi, da hawan jinin masu ciki. Wanka da kunun kanwa ba su nuna tasirin da aka daɗe ana jingina musu ba. Wani binciken nasa na farko a Kano ya gano yawancin masu ciwon suna da ƙarancin sinadarin seleniyam a jininsu, abin da ke komawa ga irin abincin da suke samu.

Wannan ba ya nufin an wanke kanwa tas. Matar da ke da hawan jini, ko ta yi jijjiga wajen haihuwa, ko ƙafarta ke kumbura, ba ta da haɗi da kunun kanwa, kamar yadda likita zai hana ta cin gishiri. Ruwan da ke saluɓe fata kuma ƙuna ce, ko da wane ganye aka tsoma a ciki, ma'aikatan asibiti sun sha ganin masu jego da ƙuna a baya da cinya. Wadda aka yi wa tiyata ko ɗinki tana buƙatar wurin ya zauna a bushe da tsafta. Ruwa mai ɗumi da jiki zai iya ɗauka yana sassauta gajiya, babu likitan kirki da zai hana. Abin da binciken Kano ya tona ya fi tukunyar wanka girma: matar da ta shiga ciki da yunwa, ba ta je awo ba, ba a taɓa auna jininta ba, ita ce a bakin rami, ko ta yi wanka ko ba ta yi ba.

Kwanakin da ake shagala

Mafi yawan matan da ke rasuwa ta dalilin haihuwa, a ranar haihuwar ko a makon farko suke rasuwa. Wannan makon kuwa shi ne gida ke cike da 'yan barka, hankalin kowa na kan ragon suna da ɗinkin anko da abincin baƙi. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya ƙiyasta mutuwar mata 512 a cikin kowace haihuwa 100,000 a Najeriya. Ya kuma nuna kashi 39 cikin 100 ne kawai na haihuwa ake yi a asibiti, a Arewa maso Yamma kuwa abin bai wuce kashi 16 ba. Ke nan mafi yawan masu jego a wannan yanki, babu ma'aikacin lafiyar da ya duba su a kwanakin da suka fi hatsari.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a duba uwa da jariri sau huɗu: cikin awa 24 na farko, sai a rana ta biyu zuwa ta uku, sai tsakanin kwana 7 da 14, sai kuma a mako na shida. Abin sha'awa, na uku ya yi daidai da suna, na huɗu ya yi daidai da arba'in, don haka ba wani sabon lissafi za a koya wa kowa ba. Sai dai al'adar kulle mai jego a ɗaki takan hana fita ko da zuwa asibitin unguwa ne, sai a ce ai ba ta gama wanka ba.

Akwai alamun da ba a jira da su gari ya waye: jini mai zuba ba ƙaƙƙautawa, zazzaɓi tare da wari daga gaba, ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, kumburin fuska, jijjiga, haki ko sarƙewar numfashi, da kumburin ƙafa ɗaya mai zafi. A wajen jariri kuma, ƙin kama nono, zafin jiki ko sanyinsa, numfashi da sauri, shawara a kwanakin farko, da cibiya mai ja ko mai ruwa. Duk tsohuwar da ke zaman jego ya kamata ta san waɗannan kamar yadda ta san adadin kanwar da za ta jiƙa, domin ita ce ke kwana a ɗakin, ita ce kuma ake jin maganarta. Yarinya 'yar shekara goma sha bakwai ba za ta iya buɗe baki ta ce wa surukarta a kai ta asibiti ba.

Jihar Sakkwato ta gwada bin wannan hanya. A 2013 ta fara raba wa mata masu haihuwa a gida ƙwayar misoprostol mai tsayar da zubar jini, da man chlorhexidine na shafa wa cibiya, ta hannun mutanen unguwa da aka horar. Man cibiyar ya maye gurbin toka da man goge baki da gashi da tsumma, waɗanda ke kai ƙwayar cuta kai tsaye cikin jinin jariri.

Nono, ruwa da kwanon uwa

Rigima ta biyu a ɗakin mai jego a kan ruwa take. Malamar asibiti ta ce nono zalla har wata shida, kaka ta ce a wannan zafin na Afrilu wane irin rashin imani ne a hana ɗan mutum ruwa. Tausayi ne ke sa ta faɗi haka, ba mugunta ba. Amsar ita ce, kusan kashi 88 cikin 100 na nonon uwa ruwa ne, kuma ruwan da ya fi na kowace rijiya tsafta. Cikin jariri ɗan mitsitsi ne, duk cokalin ruwan da ya shiga ya tare wurin nono, yana kuma iya shigo da gudawa. Idan zafi ya yi yawa, uwar ce za ta ƙara shan ruwa, ta ƙara ba shi mama. Haka nan dakashi, nonon farko mai kauri da launin ɗorawa, wanda a wasu gidajen ake matsewa a zubar wai don ba shi da kyau: a cikinsa garkuwar jariri ta farko take. A 2018 kashi 29 cikin 100 ne kacal na jariran Najeriya 'yan ƙasa da wata shida ke shan nono zalla.

Sai dai ana yawan yi wa uwa wa'azin shayarwa ba a leƙa kwanonta ba. Mai shayarwa na buƙatar ƙarin abinci a kowace rana fiye da yadda ta saba, ga jinin da ta zubar yana jiran a mayar. Binciken 2018 ɗin nan ya samu kashi 58 cikin 100 na matan Najeriya masu shekarun haihuwa da ƙarancin jini. A nan al'ada ta yi abin a yaba, domin ta ware wa mai jego nama da romo. Matsalar ita ce gatan yakan ƙare da ƙarewar naman suna. Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, da tsadar da ta biyo baya, magidanta da yawa sai sun zaɓa tsakanin itacen wanka na kwana arba'in da cefanen kirki. Idan zaɓin ya zama dole, wake da ƙwai da hanta da zogale da kunun gyaɗa sun fi wa mai jego amfani a kan tukunya ta biyu ta yamma. Ƙwayoyin ƙarin jini da ake bayarwa wajen awo ma ba a daina su ranar haihuwa, akan ci gaba da sha na wasu makonni.

Ga kuma hayaƙi. Ɗakin mai jego akan rufe shi ruf, a ajiye kaskon gawayi, a zuba turaren wuta. Ƙamshin na da daɗi, amma huhun ɗan kwana uku bai san da haka ba, gawayi a rufaffen ɗaki kuma yana iya kashe babba ma. A turara ɗakin jariri na waje, a buɗe taga, sannan a shigo da shi ƙarƙashin gidan sauro.

Abin da ba a faɗa

"Barka da arziki." "An sauka lafiya?" "Allah ya raya." Mai jego za ta amsa waɗannan sau ɗari a rana, kanta a sunkuye. Idan ɗan fari ne, kunya ta hana ta ko kallonsa a gaban manya, balle ta kira sunansa. A irin wannan zama, ina za ta sami bakin cewa ba ta barci ko da jaririn ya yi, ko kuka na zuwar mata ba dalili, ko ta ji ba ta son ɗaukarsa?

Yawancin mata kan yi 'yan kwanaki na saurin kuka da rashin sukuni bayan haihuwa, saboda sauyin sinadaran jiki da rashin barci, ya kuma wuce da kansa cikin mako biyu. Wanda ya zarce haka ciwo ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kusan kashi 13 cikin 100 na matan da suka haihu suna fama da larurar ƙwaƙwalwa, galibi ciwon damuwa, a ƙasashe masu tasowa kuwa adadin ya doshi kashi 20. Wato a kowane layi na unguwa akwai irin wannan mata. A gida sai a ce sangarta ce, ko rashin godiyar Allah, ko ba ta iya riƙon ɗa ba. Akwai kuma nau'i mai tsanani, wanda ke samun mace ɗaya ko biyu cikin dubu: ta rikice, ta riƙa sambatu, ta ji muryoyi, ta daina barci ɗungurungum. Wannan kusan kullum iska ake cewa, a nufi wajen mai ruƙiyya. Addu'a ba ta hana magani. Matar da ta kai wannan hali tana buƙatar likita a ranar, kuma kada a bar ta ita kaɗai da jariri. Asibitocin ƙwaƙwalwa irin na Dawanau a Kano, da na Barnawa a Kaduna, da na Kware a Sakkwato suna karɓar irin wannan larura, ana kuma warkewa.

A nan ma tsohon tsarin yana da maganin da bai san yana da shi ba. Samun wadda za ta karɓi jariri da dare uwa ta yi barcin awa huɗu a jere, da samun 'yar'uwar hira da rana, suna cikin manyan abubuwan da ke kare mace daga faɗawa wannan rami.

Ɗaki biyu da falo

Yau amare da yawa a gidan haya suke, a Rigasa ko Ɗorayi ko Mararaba, nesa da dangi. Mahaifiyar da za ta zo zaman jego wataƙila ita ma malamar makaranta ce, hutun mako guda ta samu. Wasu mazan ba sa son goyon ciki, suna ganin tsohon yayi ne, ba su kuma tanadi abin da zai maye gurbinsa ba. Sai a ɗauki mai wanka a biya ta, ta zo da safe ta yi aikinta ta tafi. Washegarin suna, baƙi sun watse, ga tulin kwanuka, ga wankin jariri, ga ɗaukewar wuta da ruwa, ga mai gida na jiran abincin dare. Waya tana ɗebe kewa, amma ba ta goyo. Tana kuma kawo nata nauyin: hotunan masu jego da kwalliya da lalle a Instagram da TikTok, da tallan kayan gyaran jiki da ba a san abin da aka zuba a ciki ba, duk ana cusa wa yarinyar da ko zama ba ta iya yi sosai cewa aikinta na gaba shi ne ta koma amarya.

Ma'aikaciya kuma tana da nata lissafin. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta ba da mako 12, shida kafin haihuwa shida bayanta, a kan aƙalla rabin albashi, da rabin awa sau biyu a rana don shayarwa. Ma'aikatan gwamnatin tarayya suna samun kusan wata huɗu. Jihar Legas ta kai hutun wata shida a 2014, Kaduna ta bi sahu a 2019, wanda shi ne ya dace da wata shidan da ake cewa a ba da nono zalla. A Jamhuriyar Nijar mako 14 doka ta tanada. Amma duk wannan na masu albashi ne. Mai ƙosai da mai kitso da mai ɗinki da mai saƙar hula, ranar da ba su yi aiki ba babu ko sisi, su ne kuma mafi yawa.

A 2021 gwamnatin tarayya ta amince da hutun kwana 14 ga ma'aikata maza idan matansu suka haihu. An yi ta barkwanci a kai, ana tambaya ko su ma wankan za su yi. Amma a gidan da babu gwaggo babu kaka, hannun da ya rage na mijin ne. Ɗibar ruwa, sayo abinci, kai manyan yara makaranta, riƙe jariri bayan sallar asuba uwar ta runtsa, babu wanda ya rage wa namiji daraja a ciki. Shi ne kuma mai izinin fita da kuɗin mota, don haka zuwa asibiti a kan kari a hannunsa yake.

Ranar arba'in akan yi wa mai jego kitso da lalle, ta ɗauki jariri ta zaga dangi, sannan ta koma ɗakinta da gara. Daga ranar ake ɗauka komai ya koma daidai. Jiki kuwa bai san lissafin arba'in ba. Ko a fiƙihu, malaman Malikiyya sun kai iyakar jinin biƙi kwana sittin. Ciwon zuciyar da aka yi bayani a baya yana iya bayyana har wata biyar bayan haihuwa, ciwon damuwa kuma a kowane lokaci cikin shekarar farko. A daidai nan ne kuma kwanika ke shigowa. Shayarwa tana hana ɗaukar ciki ne kawai idan an cika sharuɗɗa uku tare: jariri bai kai wata shida ba, nono zalla yake sha dare da rana, al'ada kuma ba ta dawo ba. Ɗaya ya faɗi, kariyar ta faɗi. Likitoci na ba da shawarar a bar aƙalla wata 24 tsakanin haihuwa da sabon ciki, tazarar da ta yi daidai da shekara biyun shayarwa da iyayenmu suka sani.

A mako na shida ake kai jariri riga-kafin farko bayan na haihuwa, a sake komawa a mako na 10 da na 14, sannan a wata na tara don allurar ƙyanda da ta shawara. A kowace irin wannan rana uwar tana zaune a kan benci a gaban ma'aikaciyar lafiya, da katin jariri a hannu. Za a auna nauyinsa, a ɗiga masa maganin shan inna, a rubuta ranar dawowa. A asibitoci da yawa har ta tashi ba wanda zai ɗaura mata abin awon jini a dantse, ko ya tambaye ta yadda take barci, alhali duka biyun ba su wuce aikin minti biyar ba.